Dardumar Baba da Injin Taubashina

A unguwarmu ta Dogon Dutsi, in watan Sha'aban ya kai tsakiya, ba a tambayar wa zai wanke shimfiɗun masallaci. Gidanmu ne. Mahaifina ne ya fara, tun shekarar da wani alhaji ya kawo manyan tapi, wato kafet, aka naɗe tabarmin kaba, kuma da ya rasu aikin ya faɗo kaina ba tare da kowa ya ce uffan ba. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, alli na sani da jan biro, amma kwana uku a shekara ni ne sarkin wanki, kuma ina son sarautar nan fiye da yadda nake nunawa. Ladanmu a nan duniya guda ne. Ranar da aka mayar da tapi, bayan sallar magariba, liman yakan juyo ya ce jama'a a yi wa wanda ya fara wannan aiki addu'a, ya ambaci sunan Baba, masallaci duka ya ɗauka da amin. Wannan amin ɗin nake jira daga shekara zuwa shekara.

Wanda bai taɓa wankin tapi a garinmu ba bai san rairayi ba. Kowa da shi yake shiga masallaci, a tafin ƙafa, a bakin wando, ja wur, ya nutse har gindin gashin tapi ya kwanta. Dokar Baba ta farko ita ce kada ruwa ya taɓa tapi sai ya gama zubar da rairayinsa, in ba haka ba laka ka kwaɓa. Sai mu loda su a amalanken jaki zuwa gindin dutse, inda akwai wani fa mai faɗi. Mu rataye su a kife bisa gumagumai, biyu nan biyu can, mu hau bugu da sandunan geza, hannu yana bin hannu kamar masu daka, har jan nan ya daina zuba. Sannan ruwa daga duro, sabulun salo, soso, a taka da ƙafa, a ɗauraye sau uku. Shanya ma a kife ake yi don kada rana ta cinye launi. Mata su aiko da fura, su aiko da kaskon turaren wuta na ranar ƙarshe. Nakan yi mako guda hannuna bai kai saman allo ba, ɗalibai suna dariya a ɓoye, ni kuwa ko a jikina.

Taubashina ɗan goggota ne, ƙanwar Baba da aka aurar Sukukutane. Gidanmu aka kawo shi don karatun kwaleji, ɗaki guda muka kwana shekara da shekaru. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka bawa nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangida yana yi mini gwalo. Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, na saba ni ne a gaba. Ni na ci jarrabawa, shi ya faɗi. Ni na samu aikin gwamnati, shi ya ɗauki jaka ya tafi Yamai, muka ji wai yana goge daɓen wani otal. In ya zo sallah nakan miƙa masa takalmina in ce, "Bawa, tunda sana'arka ta, ga somin taɓi." Ya yi dariya, in yi dariya. Tawa dariyar ta fi tasa daɗi, na sani.

Kwatsam sai ga shi ya dawo gida gaba ɗaya, da wani abu ɗaure a saman motar haya, an lulluɓe shi da bargo sai ka ce mara lafiya. Inji ne na wankin tapi. Ya kama shago kusa da tasha, ya sa aka rubuta masa allo da Faransanci.

Na fara ganin aikinsa a gidan darektan makarantarmu, kuma wallahi dariya na je yi. Injin ɗin ɗan duro ne mai taya, cikinsa biyu, ɗaya na ruwa mai tsabta ɗaya na ƙazanta, da dogon tiyo mai baki shafaffe. Bakin nan yana fesa ruwan zafi da magani, yana kuma zuƙe shi a lokaci guda. Ga kwalabe jere a cikin kwali, wannan na maiƙo, wannan na shayi, wannan na wari. Har da ɗan gurup, wato janareta, ya zo da shi saboda in an ɗauke wuta. Ya kunna, ƙara ta cika ɗaki, ya ja bakin tiyon sau ɗaya daga bango zuwa ƙofa. Inda ya bi sai ga layi ya fito ja jawur da furanni, a tsakiyar tapin da duk muka ɗauka ruwan ƙasa ne launinsa. Matar darekta ta dafa ƙirji ta ce, "Ikon Allah! Ashe haka yake?" Da ya gama ya buɗe cikin ƙazanta ya zagaya da shi kowa ya leƙa. Baƙi ƙirin. Ni ma na leƙa, na taɓe baki, na ce ai ruwa ko a ina ka wanke abu da shi haka yake komawa.

Da na koma gida matata ta tare ni da labarin da ni na gani da idona. Wai an ce kafin la'asar ya bushe. Wai ko za mu kai na falonmu. Na ce mata hannuna ya karye ne? Ta ce a'a, Malam, Allah ya ba ka haƙuri. Ta shiga ɗaki tana ƙunshe dariya.

Hassada ce. Ba zan sa mata wata riga ba. In na bi ta tasha na ga an jingina tapi a ƙofar shagonsa, sai in ji tuwon da na ci ya tsaya mini a ƙirji. In na ji an ce "mai inji" a fada, wurin shan shayinmu na yamma, sai shayin ya yi mini ɗaci. Mutumin da na koya wa ɗaure igiyar wando! Nakan yi istigfari, ta lafa, in an jima ta dawo da ƙarfinta.

Sai na koma farautar laifin injin, kuma ban rasa ba, don ba abin al'ajabi ba ne, inji ne. Ƙunar garwashi ba ta fita. Wani tapi mai araha da ya wanke wa wani tela, jan ya zuba cikin fari. Na adana waɗannan labarai ina raba su kamar goro. Babban kamuna kuwa a gidan darekta na yi shi, mako guda bayan wankin. Na tsuguna kamar zan gyara takalmi, na cusa yatsu har gindin gashin tapi, na murza. Rairayi! Sama fes, ƙasa yana nan kwance, har ya ɗan daskare. Ranar na isa fada kafin kowa.

Labari ya kai masa. Washegari ya tsayar da babur a gabanmu, bai ko sauka ba.

"Ubangida, an ce ka kama ni."

"Da hannu biyu, bawa."

"Gaskiyarka ta. Tapin otal ba su san rairayin Arewa ba, ni kau na mance da dokar Kawu. Na gode."

Daga ranar ya kafa gumagumai a bayan shago, ya yanko sandunan geza. Sai ya buge tapi tas, ya bi shi da wani ƙaramin inji mai zuƙar ƙura, sannan ruwa. Aikinsa ya ninka kyau. Ni da bakina na gyara masa sana'a. Kai, ranar ko abincin rana ban ci ba.

Da Sha'aban ya kama, ladan ya same ni a ƙofar gida yana ta kewaye-kewaye. Wai dattawa sun zauna. Wai matasa yanzu ba su samun kwana uku, wai tsofaffi suna wahala da salla a kan rairayi mai zafi in an kwashe tapi. Wai mai inji ya ce zai wanke su a inda suke, yini guda, don Allah. Na ce, "Dattawa sun zauna, ni ina?" Ya ce ai shi ya sa aka aiko shi. Abin da na ji a kunnena daban ne. Na ji liman yana juyowa bayan magariba yana ambaton wani suna, ba na Baba ba.

Na tafi wurin liman da hujjar da na kwana biyu ina gogewa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ruwan da magani ya sauya wa launi da ƙamshi yana tsarkake najasa? Masallaci fa ba falon otal ba ne." Dattijo ne mai sanyin magana, abokin Baba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe, har na fara duban ƙasa. Ya aika aka kira taubashina. Shi kuwa ya ce ai bayan magani da ruwa zalla yake bi, sau biyu, in ana so sau uku. Liman ya ce to, in haka ne babu laifi. Ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, akwai saura?"

Da na yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce akwai. Na ce ni zan kawo abu guda, a gwada a gaban jama'a. In injin ya fitar da tabon da ke jikinsa, na sakar masa masallaci har abada. In ya kasa, a bar mu da sandunanmu. Taubashina ya ce ya yarda. Liman ya ci gaba da jan carbi.

Na riga na san abin da zan kawo. Dardumar Baba ce, koriya, mai kauri, wadda ya zo da ita daga Makka tun ina ƙarami. A wajen kanta akwai wani baƙin wuri kamar faɗin tafin hannu, inda goshinsa yake sauka. Gumi ne da maiƙon fata da turaren da yake shafawa, na shekarun da ban san adadinsu ba. Yana da rai mun sha wanke ta tare da tapin masallaci, da salo, da soso, da ƙarfin samartaka, wurin nan bai taɓa ko dusashewa ba. Bayan rasuwarsa ban sake bari ruwa ya taɓa ta ba. A kanta nake nafila a gida, kuma ba na neman inda zan aza goshi, wurin yana nan yana jirana. In zafi ya yi, har ƙamshinsa yakan taso.

Duk wannan na sani. Amma a makon nan abu guda kawai nake gani game da dardumar: ba ya fita. Da na naɗe ta zan fita, matata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wannan fa ta Baba ce." Na ce na sani, shi ya sa na ɗauko ta. Ta matsa ta ba ni hanya.

Bayan la'asar ne, a ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, ta ƙofar masallaci. Mutane sun fi yadda na zata, har masu shaguna sun rufo. An jawo waya daga shagon mai gyaran rediyo, injin yana tsaye yana ɗumama ruwa. Na warware dardumar a kan tabarma da wata irin yanga da har yau in na tuna nakan runtse ido.

Taubashina ya durƙusa. Ya kai hannu, bai taɓa wurin ba, ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, babu wasa a fuskarsa.

"Ubangida, wagga ta Kawu ta."

"To? Injinka yana zaɓen mai abu?"

Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kawo wata. Don Allah kawo wata. Ko ka bari, ni na janye, ku yi wankinku."

Ya ba ni ƙofa a buɗe, har da abin da nake nema. Amma mutane suna kallo, kuma ban so a ce kyauta ya ba ni. Na juya ga jama'a na ɗaga murya na ce, "Kun ji ko? Bawa ya fara neman hanyar gudu!" Aka kwashe da dariya. Na nuna wurin da yatsa na ce, "Datti ne. Ko injinka bai san datti ba?"

Datti na ce. Da bakina, a ƙofar masallaci, a gaban abokan Baba.

Taubashina ya miƙe. Ya rataye dardumar ya kakkaɓe ta a hankali da tafin hannu, ba da sanda ba. Ya shimfiɗa. Ya zaɓo ƙaramar kwalba, ta maiƙo, ya ɗiga a wurin, ya jira, ya bi da wani buroshi mai laushi. Sannan ya kunna. Jan farko, wurin yana nan yadda yake. Zuciyata ta yi tsalle, har na waiga ina neman idon ladan. Ya ƙara ɗigawa, ya ƙara jira. Ja na biyu, baƙin ya koma ruwan toka. A nan ne na buɗe baki in ce ya isa, amma kabbarar mutane ta riga ta tashi, kuma ban faɗa da ƙarfi ba. Ja na uku, sai ga kore. Kore shar, da wani ɗan zanen fitila da ban taɓa sanin yana wurin ba. Ya bi da ruwa zalla sau uku, kamar yadda ya yi wa liman alkawari.

Mutane suna ta "Ikon Allah, ikon Allah," wasu suna dafa kafaɗata suna cewa sai haƙuri, Malam, zamani ne. Ana jira ya buɗe cikin ƙazanta ya zagaya da shi yadda ya saba. Bai yi ba. Ya cire shi a rufe, ya ɗauka da hannu biyu, ya zagaya bayan bishiyar, ya durƙusa ya zuba a gindinta a hankali. Ni kaɗai na bi shi da ido. Ruwan bai fi cikin kwano ba, rairayi ya shanye shi nan da nan.

Ranar wankin masallaci ya aiko a ce mini yana son in zo in tsaya a kan bugu, don ba mai kunnen da ke gane tapi ya gama zubar da rairayi kamar ni. Na ce a ce masa ina da gyaran takardun ɗalibai. Ƙarya nake, zaune na yini. Kafin magariba sun gama, tapi sun bushe, an kunna turare. Na shiga sahu na ƙarshe, ina taka tapin da ƙafata tana neman laifi, ba ta samu ba.

Da aka sallame liman ya juyo. Na sunkuyar da kai na shirya jin sunan taubashina. Sai ya ce wanda ya yi aikin bana ya roƙi kada a ambace shi, ya ce a wurin kawunsa ya koya, don haka jama'a a yi wa wanda ya fara addu'a. Ya ambaci sunan Baba. Amin ɗin ranar ya fi na kowace shekara ƙarfi, don masallacin ya cika da masu zuwa ganin aikin inji. Abin da na yi ta haƙilo a kansa, ashe ba wanda ya yi niyyar taɓa shi.

Kada a ɗauka hassadar ta mutu a nan. Wuri ta sauya. Na daina jin zafin injin, na daina jin zafin allon shagonsa. Abin da ke ci na har yau shi ne, shi da ya zauna da Baba shekarun kwaleji kawai, kallo ɗaya ya yi wa wurin nan ya san mene ne, har hannunsa ya ƙi taɓawa. Ni da na fito daga jikin mutumin, ni na kira shi datti. Ko a son mahaifina bawa ya riga ni, wannan kuwa ban san inda zan kai ƙara ba.

Muna gaisawa, muna wasa, ya ce ubangida in ce bawa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Abokan aiki sababbin zuwa garin, in za su kai tapi, sukan tambaye ni wai injin nan yana aiki kuwa, ko cika baki ne. Nakan ce a buge rairayi tukuna, kada a sa ran ƙuna za ta fita, mai araha kuma a gwada gefe kafin a jiƙa shi duka. Ban da wannan, yana aiki. Nakan ce su duba abin da za su kai da kyau kafin su kai.

Dardumar tana nan. A daren farko na azumin shekarar ban iya shimfiɗa ta ba, sai da safe, da hantsi, bayan kowa ya fita. Ƙamshin lemo take yi, irin na maganin kwalba. Na tayar da salla, na yi ruku'u, na tafi sujada, sai na tsaya da goshina a sama, ina duban kore daga wannan gefe zuwa wancan. Ban san inda zan aza shi ba.